Jakar Ƙugun da Na Sayo a Jos

Bauchi, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Ina sallame sallah na fito, jakar kayan aiki a hannun dama, hannun hagu a maƙale a ƙirji. Ni mai ɗaukar hoto ce a taron mata: kamu, walima, suna, duk inda ba a barin namiji ya shiga da kyamara. Shekara goma sha huɗu ina rataya jaka a kafaɗa ɗaya, sai kafaɗar ta ce ta gaji. Yanzu hannun ko saitin kunne ba ya kaiwa. Likita bai ɓoye mini ba: ko in sauke nauyin daga kafaɗa, ko in ajiye sana'ar. To in na ajiye, me yara huɗu za su ci? Ga bikin ranar Asabar na riga na karɓa, awa shida a tsaye. Na zagaye kasuwanninmu, duk jakar ƙugun da na gani ta zuba waya ce da canji. Aka ce in nufi Jos, wajen masu gwanjon jakunkuna a kasuwar Taminus.

A hanya

Mota ba ta cika ba sai shida da minti ashirin. Direba ya miƙo hannu.

"Hajiya, kawo jakar a sa a but."

"Tare da buhun albasa? Malam, abincin gidana ne a ciki."

A cinya na riƙe ta, kilomita ɗari da talatin. Shinge biyar muka wuce, a kowanne sai an leƙo an ce me ke cikin jaka, in buɗe, in rufe. Daga Nabardo zuwa Magama duk ramin da muka faɗa a kafaɗata yake sauka. Muna wuce Tilden Fulani sanyi ya fara shigowa ta taga da ɗan yayyafi. Tara saura minti goma muka sauka a Jos, ni kam kamar an yi mini duka.

Unguwar Ali Kazaure, Jos

Keke ya kai ni gidan yayata, Yaya Talatu, wadda aure ya kawo Jos tun ina firamare. Ta ajiye mini gwaten acca mai zafi, ta tsaya tana kallon yadda nake cire hijabi da hannu ɗaya.

"Ke dai kina son wahala. Da kin yi waya ai da na saya na aiko miki."

"Ƙugun nawa zan aiko miki a mota ki gwada?"

Ta yi tsaki, ta ƙara mini gwate.

Taminus, ƙarfe goma sha ɗaya

Mun yi ta kutsawa tsakanin masu tumatir da masu dankalin turawa, gefen ƙonanniyar kasuwa, har muka kai rumfar wani dattijo da ake kira Oga Pam. Jakunkuna a rataye har rufi. Na zazzage masa kayana a kan tebur: kyamara, ƙaramin gilashin da nake ɗaukar fuska da shi, babban da ke jawo nesa, filasha, batura da caja.

"Hajiya, zauna," in ji shi da Hausarsu ta Jos. "Ka gwada duka, ba faɗa."

Ta farko zurfi gare ta kuma babu soso, gilasan suna gwaruwa da juna. Ta biyu murfinta na manne ne, in ka buɗe sai ta yi ɓarrr. Na ce haba, malama na wa'azi a walima in yi wannan ƙara? Ta uku bel ɗinta bai zagaye ni ba, Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta huɗu ruwan toka ce, ɗaki uku da soso a tsakani, bel mai faɗin tafin hannu, zif mai laushi. Na zuba kayan, na ɗaura. Na durƙusa kamar zan ɗauki amarya a kan tabarma, na miƙe, na sunkuya, na zauna a benci. Ba ta zame ba, ba ta tokare ni ba. Na zaro gilashi da hannu ɗaya na mayar. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, don rabon da in ɗauki kayan nan kafaɗata shiru har na manta.

Abu ɗaya ya rage. Na saki hijabina a kanta, na ce wa Yaya, "Ana gani?" Ni fa kunya nake ji, mace da girmana in yi yawo da jaka a ciki kowa na kallo. Ta ce ɗan tudu ne kawai. Aka daidaita a dubu goma sha biyu, muka koma gida, na sha magani na kwanta tun la'asar.

Ƙofar tasha, washegari bakwai da kwata

Yaya ta rako ni, riƙe da kular ɗumame. Jakar na ƙarƙashin hijabi, ina tafe hannu sake, ina jin daɗi. Ban san wayar caja ta leƙo ta zif tana reto ba.

Mai gadin ƙofa, wani dogo mai furfura, ya gifta mini sandar nan ta binciken ƙarfe. Ta yi ƙara. Ya dubi tudun, ya dubi wayar, ya ja da baya.

"Tsaya nan! Kar ki motsa!"

Wani ya kwarma ihu, "Bam!" Kafin ƙiftawar ido wuri ya watse, teburin mai shayi ya kife. Waɗanda ba su gudu ba suka yo kaina, na ga wani da faskaren itace. Mai gadin ya ɗaga musu hannu ya tare su, idonsa a kaina.

"Ɗaga hannu sama, duka biyu."

Na ɗaga na dama. Na hagu ya tsaya a ƙirji, daidai kan jakar. Na yi, na yi, ya ƙi.

"Ba ya ɗaguwa," na ce. "Wallahi ciwo ne."

"Ƙarya take yi!" in ji mai faskare.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Yarana kawai nake gani. Sai Yaya Talatu ta yar da kula, ta ratso fili tana faɗa, "Mai hoto ce! Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya!" Ta yaye hijabin, ta zuge zif, ta ɗaga kyamarar sama kowa ya gani.

Mai gadin ya zauna a benci yana haki.

"Hajiya, kin san garin da kika zo kuwa? Mun binne mutane a nan saboda abin da aka ɓoye a cikin riga. Don Allah ki ɗaura a sama."

Yaya ce ta kwance jakar ta ɗaura mini a kan hijabi, tana zagina tana kuka.

Gida

Ban san shinge nawa muka wuce a dawowa ba, na dai lura ba wanda ya sake tambayar me ke ciki sau biyu. Goma da minti arba'in na sauka a bakin layinmu. Maƙwabciyata Maman Sadiya na shara, ta miƙe ta dube ni.

"Ikon Allah! Kwandasta aka koma?"

Na ce, "Eh, na ji. Sannu da aiki."

Ranar Asabar na yi awa shidan nan a tsaye, jaka a sama, 'yanmatan amarya na ta ƙus-ƙus, na dawo gida kafaɗata ba ta tashi ba. Alhamdulillahi, sana'a ta tsira. Na gode wa Oga Pam da ya bar ni na yamutsa masa rumfa, na gode wa Yaya Talatu. Mai gadin nan kuwa ko sunansa ban tambaya ba. Allah ya saka masa da alheri. Shi ma ya ɗauka bam ne lokacin da ya ɗaga hannu ya tare mutanen, amma bai sauke shi ba.