Ruwan da Lawal ya hango daga sama

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar taubashina Malam Lawal, mutumin da ya ƙwace mini turken jaki, har yau kuma ina yi masa godiya.

Ni dai aji biyu na yi aka sallame ni, malamin ya ce in tafi in huta, shi ma ya huta. Lawal ya zarce har ya zama mai aikin taswira. Ƙauyenmu yana tsakanin Faskari da Sabuwa, kuma al'adarmu ita ce in za a haƙa rijiyar burtsatse, a ƙofar gidan babban mutum ake haƙa ta. Sau biyu ana yin haka, sau biyu ana samun ƙura. Matanmu suka ci gaba da zuwa rafi cikin daji, lokacin da 'yan bindiga suka fara tare mutane a can. Da aka ce za a haƙa mana ta uku, an faɗa mana ita ce ta ƙarshe.

Lawal ya zo da hotunan da tauraron ɗan'adam ya ɗauka. Ya ɗora na rani a kan na damina, ya bi tsagewar dutsen da ke ƙasa, ya bi layin itatuwan da ba sa bushewa. Yatsansa ya tsaya daidai inda nake ɗaure jakina.

Mai unguwa ya ce, "Malam Lawal, wai jaki za a ba ruwa a bar ƙofata?"

Lawal ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan ne bai san manya ba. Shi ko wanga taubashi nawa, shekara da shekaru yana zaune bisa arziki, shi da jakin ba wanda ya gane."

Aka haƙa. Ruwa ya yi tsiri har ya jiƙa rawanin mai unguwa, shi ne ma ya fara kabbara.

Da Lawal zai leƙo yau, zai ga 'yan acaɓa suna bin taswira a waya zuwa Ƙanƙara, zai kuma tsokane ni, don ni har yanzu tawa kira kawai take yi. Amma ga abin da zan nuna masa: bara da daji ya ɓaci, aka daina fita, ba mace ɗaya da ta taka hanyar rafi. Waɗanda suka gudo daga ƙauyukan kewaye ma a nan suka sha. Allah ya shayar da kai a Aljanna, Lawal.