Matar Da Ta Jira Na Gama Magana

Tun kafin a buɗe tagar karɓar kati ake jin takunta a barandar asibitin. Ta leƙa sashen ƙoda, ta haura wajen masu ciwon daji, ta sauko gun yara masu sikila, shayin da ta haɗa yana can kan tebur har ya huce. Ma'aikata na ce mata Anti Tsaya-Tukuna, ita da ba ta iya tsayuwa ba. Ba likita ba ce. Duk sa'ad da likitoci za su gwada sabon magani, ita ke zama da mara lafiya ta yi masa bayani, ta ji ko ya yarda a sa shi cikin binciken. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma tun da na ji labari na kasa zama wuri ɗaya.

Ni tsohon direban babbar mota ne, mai bakin da a da sai an roƙe ni nake yin shiru. Shanyewar ɓarin jiki ta tafi da hannuna na hagu, ta ɗaure mini harshe. Kalmar tana nan sarai a kaina, amma kafin ta fito an riga an ƙarasa mini ita, kuma ba daidai ba. In ce "ina son..." sai a ce "ruwa," a ɗura mini. Ruwan da na sha a watannin nan ko motata ba ta sha shi ba. Abin ya ci mini rai fiye da ciwon.

Wata rana likita ya ce ana gwada magunguna biyu na hawan jini, a ga wanne ya fi hana shanyewar dawowa, ko zan shiga? Babban ɗana ya yi caraf.

"Baba ya yarda."

"Baba bai yarda ba," in ji ƙanwarsa. "Yaya, ba za a mai da mana uba abin gwaji ba."

Suka yi ta ja a kaina, ni kuwa ina kan keken marasa lafiya ina ta motsa baki. Sai ga Anti ta shigo da saurinta.

"Tsaya tukuna. Ku ɗan ba mu wuri, ni da Baba."

"Anti, ai ba ya iya magana," ɗana ya ce.

"Ba komai, ɗana. Ni ba sauri nake ba."

Kowa ya san tana sauri. Wayarta sai kuka take, ana nemanta a wani sashe. Ta kife ta kan tebur, ta jawo kujera dab da ni, ta zauna.

"Baba, magani biyu ne. Ba ni zan zaɓa maka ba, ba likita ba, kamar ƙuri'a ake rabawa, kai ma ba za ka san wanda ka samu ba. Yana iya sa ka jiri. In ka ce a'a, jinyarka ba za ta ragu da komai ba. In ka ce e yau, gobe ka fasa, ba mai fushi da kai. To, me kake son tambaya?"

Na fara ƙoƙarin magana. Ina kallon bakinta, ina jiran ta tsoma shi kamar kowa, ba ta tsoma ba.

"In... bai... amfane ni... ba fa?"

"Zai iya yiwuwa, Baba. Ba zan ruɗe ka ba. Amma abin da aka gano zai amfani waɗanda za a turo kan keken nan bayanka."

Na ce na yarda. Ta ƙi karɓa. Wai in je gida in kwana da maganar, in har yanzu tana nan, in dawo in faɗa da bakina. Na dawo na faɗa.

Anti, ke ce wadda ta tuna mini cewa jikin nan da ya shanye har yanzu nawa ne. Kuma ba ni kaɗai ba. Mai sharar sashen yara ta ba ni labarin ranar da likita ke neman ƙarin yara ido rufe don binciken sikila, kika lura wata uwa ba ta so a sa ɗanta, kika raka ta har ƙofa kina ce mata a'a ma amsa ce. Likitan ya kumbura kamar zai fashe. Yau shi ke cewa ba ya amincewa da "e" ɗin da bai bi ta gabanki ba. Uwar masu jinkirin baki, na gode.

Har yanzu ban san wane magani nake haɗiya ba, ban san ko shanyewar za ta dawo ba. Wannan na iya ɗauka, don ni na zaɓa. Abin da ke hana ni sukuni kujerar nan ce. Wa zai jawo ta in Anti ta tafi? Masu bincike, ku ci gaba da nema, muna bukata. Amma wanda duk ya gaji Anti, don Allah ya koyi kife waya, ya bar mara lafiya ya kai ƙarshen maganarsa.

Makon jiya ina kan bencin jira aka kawo wata dattijuwa, bakinta a karkace irin nawa. Nas ta yi mata tambaya, 'ya'yanta suka hau amsawa. Na duba baranda, Anti tana can wani sashe. Na buga sandata a ƙasa har suka juyo.

"Ku... tsaya... tukuna."

Na daɗe kafin in fitar da maganar. Suka jira ni. Sannan suka jira uwarsu.