Karfasar Baba Tsoho

Jiya da la'asar fatsar kakana ta kamo karfasa a tafkin bayan Dudunni, babba, ta kai tafin hannu biyu. Na miƙo bokiti da murna, sai na ga ya zare ƙugiyar a hankali ya maida ta ruwa.

Baba Tsoho manomi ne, kamun kifi nishaɗinsa ne kawai. Tun rasuwar kakarmu Inna bai sake kai kifi gida ba, abincin kirki ma ya daina ci, duk ya rame. Shi ya sa Mama ta ce in riƙa raka shi.

Na ce, "Baba Tsoho, ta uku ke nan ka saki."

Ya ce, "In kai ma wa? Mai soya mani ta tafi."

Ni ba mai magana ba ce, ko a aji da ƙyar nake ɗaga hannu. Tun ina ƙarama yake kirana amaryarsa, irin wasan kaka da jika, ni kuwa in rufe fuska in gudu. Jiya dai na daure na ce, "To amaryar taka fa? Ni ma sakina ka yi, kamar kifin?"

Ya yi dariya har da tari. Rabona da jin dariyarsa tun Inna na da rai.

"Ja'ira, ke da ko ruwan zafi sai kin ƙona?"

Ta huɗu a bokiti ya saka ta. Na soya, gefe guda ya ƙone, ya cinye har kai yana mita.

Ashe wasa ma magani ne. Iyayena mata, don Allah yaya ake soya karfasa ba ta kama kasko ba?