Baba Dakata da Injin Bas Ɗina

Kafin ya gaisa da kowa a gareji, sai ya gaisa da sarƙar ɗaga inji. Kowace safiya yana bin ta zobe-zobe, yana ƙwanƙwasa ta da sufana, kunne a karkace kamar mai jin gulma. Shekara talatin da biyu ke nan yana haka, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye aiki. Mu direbobi muka laƙaba masa Baba Dakata, don kalmar ba ta barin bakinsa.

Ga abin da yake yi da ke ba mu haushi. In zai ɗora inji, sai ya cire kan batir, ya sa duwatsu a tayoyi, ya shimfiɗa tsohuwar taya a ƙasa. Sannan ya ɗaga injin sama da tayar da tsawon tafin hannu kawai, ya bar shi yana lilo, ya zauna ya sha shayi. Sai kofin ya ƙare ake ci gaba. Mai faci da ke gefensa ya ce ya ga manyan mutane sun yi masa tsawa a kan wannan jira, ko gezau. Mai fenti ya rantse bai taɓa ganin an fitar da wani daga garejin da jini ba.

Ni kuwa, Allah Ya yi ni da gaggawa. Bara injin bas ɗina ya buga, motar da nake ci da iyalina da ita. Sati uku tana kwance. Ranar da na samo wani inji, na ƙosa a ɗora shi. Baba ya ɗaga shi ɗan kaɗan, ya nemi kofinsa. Na ga injin ya karkace, na durƙusa zan zura hannuwa ta ƙarƙashi in daidaita shi.

"Dakata!" Ya daka mini tsawa. "Janye hannunka, ɗana!"

"Haba Baba, injin ma shayin zai sha?"

"Shi ba ya sha. Kai da kake sha, da wane hannu za ka riƙe kofi?"

Aka kwashe da dariya, na koma gefe ina ƙunƙuni. Baba bai kai rabin kofin ba muka ji ƙas! Ƙarfen da aka maƙala ƙugiya a jikin injin ya tsinke, ashe tun can yana da tsaga. Injin ya faɗa kan tayar nan, tim, daidai inda hannuwana za su kasance. Na tsorata ƙwarai.

Baba bai ce mini "ka gani" ba. Ya sake ɗaure injin ta wuri biyu, ya sake jira, sannan ya saukar da shi cikin motar a hankali, yana juya shi da sanda har ya haɗu da giyar motar. Ya bi kowane noti sau biyu, ya duba tiyo, ya zuba baƙin mai. Da la'asar ya miƙo mini makulli.

Bugu ɗaya ta tashi! Jama'a, na yi ihu, na rungume mai faci, na rungume wani da ban ma sani ba. Baba na gefe yana goge hannu, yana cewa, "Kar ka taka mai tukuna, bari ta yi zafi."

Baba, kai ne mai haƙurin da muke zagi da safe, mu gode masa da yamma. Da kanka ka ce idonka ya fara gazawa wajen ganin tsaga a ƙarfe, kuma ba za ka rataya inji a kan ɗan wani da zato ba. Mun gode, Allah Ya ba ka hutu mai daɗi.

Kanikawa, ku ɗaga kaɗan, ku jira, ku bar mu mu yi ta mita. Ni dai zan ajiye biro nan, yarana sun tashi daga makaranta, kuma ƙaramar ba ta yarda ta tsallaka titi sai ta riƙe yatsana.