Ɗakin Gumin Issouf

Yayana Issouf shekara ashirin ya yi yana jan kamiyo, babbar motar kaya, daga Agadez zuwa Libiya, kuma duk tsawon hanyar an san shi da abu biyu: zafin hannu da raina ƙishirwa. A Séguédine ya taɓa fasa wa wani fasinja baki da sifana don ya buɗe bidon ɗin ruwa kafin lokaci. Haƙora biyu suka zube a rairayi. Har ya bar tuƙi yana ba da labarin nan yana dariya, ni kuwa ban taɓa tayawa ba.

A Sabha ya ga ɗakin gumi, ya dawo unguwarmu Dagmanet ya gina nasa da tol, wato kwanon rufi, a bayan gida. Ya gasa duwatsu su yi ja, ya watsa musu ruwa, ya kulle ƙofa ta ciki, ya zauna. Wai gumi ke fitar da kowace cuta. Duwatsu na shan ruwa, shi ba ya sha.

Da tansiyo, wato hawan jini, ta kama shi, likita ya faɗa masa a gabana: zafi irin wannan yana sa zuciya gudu kamar mai hawan tudu, in jiki ba ruwa kuma tana iya tsayawa. Issouf ya yage takardar maganin a bakin ƙofa.

"Hamadar Ténéré ba ta kashe ni ba, sai tol?"

Taurin kai irin nasa, ko jaki ya sallama masa. Matarsa Biba ta gaji da magana, sai dai kullum ta tura masa bidon cike kafin ya kulle.

Wata Juma'a da hantsi ta ji abu ya faɗi a ciki.

"Malam, buɗe. Malam!"

Ta ɗauko taɓarya ta dinga dukan ƙofar har tol ya yage, ya tsaga mata hannu, jini na bin gwiwarta ba ta tsaya ba. Na iske ta tana jan shi ta ƙafa. Kafaɗarsa ta kwanta kan dutse, fatar ta saɓule. Na danna ƙirjinsa, na naushe shi, na zage shi, Allah ya yafe mini. Bai motsa ba.

Har yau haushinsa nake ji, kuma ina kewarsa. Bayan jana'iza na shiga kwashe duwatsun, na tarar da bidon ɗin Biba a gefen da yake zama, cike, ko murfin bai taɓa ba.