Maƙogwaron Alhaji Mamudu

Haƙora huɗu na rasa cikin wata shida. Ranar da na farkon ya karye ba ta fita raina ba. A kasuwar Dapaong ne, ina cin burodi mai laushi, sai na ji ƙas.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ga yadda yake. Shekara ashirin ina sayo wa Alhaji Mamudu zuma, daga Dapaong zuwa sitonsa na Sokodé. Mutanen ƙauye suna kawowa a bido, wato jarka. Wasu na dafa sukari su haɗa. Ido ba ya ganewa. Sai ka tsoma tsinke, ka sa a harshe, ka haɗiye. Ta gaskiya tana wucewa lafiya. Mai sukari tana kartar maƙogwaro. Ranar kasuwa nakan haɗiye na bido arba'in. Shi ya sa Alhaji ke ce mini maƙogwaronsa.

Da na koma gida na duba madubi. Ramuka baƙaƙe, sama da ƙasa. Matata ta ce goro ne. Wani ɗan ƙabilar Moba da nake saye a wurinsa ya ce hannu aka sa mini. Alhaji ya leƙa bakina ya ce, "Garba, kana zaune cikin magani kana neman magani? Shafa zuma da kanumfari."

Na shafa, safe da yamma, wata biyu. Uku suka ƙara zubewa.

Na je wurin likitar haƙori a Sokodé, mace ce, ba ta kai babbar 'yata ba. Ta duba, ta ajiye ƙarfenta.

"Baba, bakinka na bushewa?"

"Yana yi."

"Ƙishirwa fa? Fitsari?"

"'Yar nan, haƙori na kawo miki."

Ta sa aka huda mini yatsa. Ta ce ciwon sukari ne. Ta ce miyau ke wanke haƙori, ciwon ya busar da nawa, zuma kuma na kwana a kai.

Na ce, "Shekara ashirin ina sha, sai bana? Kuma zuma ai magani ce."

"Ba a jikinka ba yanzu, Baba. In ka ci gaba, ba a haƙori zai tsaya ba. Akwai ido, akwai ƙafa."

Na fito ban gane ba. Ban iya karatu ba, ban iya tuƙi ba. Maƙogwaron nan kaɗai ke ciyar da gidana.

Ban faɗa wa Alhaji ba. Na koma Dapaong da dabara: in ɗanɗana in tofar. A harshe duk ɗaya suke. Na ɗauko bido goma sha biyu, takwas dafaffen sukari. Masu saye daga Tchamba suka mayar da kayan.

Alhaji ya kira ni cikin sito, ya rufe ƙofa.

"Nawa masu zumar suka ba ka?"

Wannan ta fi haƙorin zafi. Na ciro takardar asibiti na miƙa masa. Shi ma bai iya faransanci ba. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Na faɗa masa da baki.

Ya ajiye takardar. Can ya ce, "Ni fa na ce ka shafa."

"Kai ne."

"To da ka mutu a hanya, wa zan tambaya?"

Bai kore ni ba. Ya sa mutum uku a madadina, don kada ɗaya ya riƙa haɗiye arba'in.

Abin da na koya ke nan: a aikin nan, abin da ke ciyar da kai yana iya cin ka, kuma masu ba ka shawara da zuciya ɗaya ba su fi ka sani ba. Ku kurkure baki bayan kowane bido. Wanda bakinsa ya fara bushewa ya je a huda masa yatsa. Me ya sa ni, me ya sa a shekarar, har yau ban sani ba.

Yanzu ina bakin sito a Sokodé, makulli a hannuna. Dapaong kuwa ku ke zuwa.