Babban Yatsan Gwaggo

Ƙanwar mahaifina, wadda muke kira Gwaggo, ta daɗe tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gidanta a Bungudu. Ba ta zuwa kasuwa. Masu sari ke zuwa daga Gusau da Tsafe, su tsaya a zaure a miƙo musu jarkoki. Da tafiya da tsabar kuɗi a kan hanya ta zama abin tsoro, sai suka ce sun fi son su riƙa turawa ta banki. Ni na raka ta Gusau aka buɗe mata asusu, aka ba ta kati. Ma'aikaciyar bankin ta nanata mata cewa lambar sirrin kati ba a faɗa wa kowa. Gwaggo ta ce to.

Ba a jima ba na tarar kusan duk baligin gidan ya san lambar.

Da farko na ɗauka sakaci ne, sai da na zauna na lura. Kati ba ya aiki shi kaɗai. Yana buƙatar na'ura, na'urar kuma tana bakin titi a rumfar mai POS, inda Gwaggo ba ta zuwa. A gidajenmu kuwa duk abin da ke waje aike ake yi, wanda aka aika da kati kuma dole a haɗa masa da lamba. Ga alama wanda ya tsara katin ya ɗauka mai kuɗi da mai zuwa karɓowa mutum ɗaya ne.

Ba wanda ya taɓa ɗaukar mata ko sisi. Matsalar ita ce ɗan aike yakan ce wa mai POS ya duba masa abin da ya rage. Wanda aka fi aika shi ne ƙanin mijinta, mai gyaran babur, abokin wasanta. Tun daga zaure yake fara sanarwa.

"Hajiyar mai, ashe haka kika yi nauyi? Mu muna nan muna tausayinki."

Kafin la'asar sai ga mai buƙata, wannan kuɗin taki, waccan na bikin suna, wani na magani. Gwaggo ba ta iya cewa babu a gaban wanda ya san akwai. Ita kuwa tari take yi ta sayi injin markaɗen gyaɗa, don kafaɗunta sun fara gazawa, tarin kuma ya ƙi gaba.

"Can da kuɗɗina suna cikin kwalla, ba mai sanin nawa na," in ji ta. "Na kai su banki a ɓoye mini, yau har mai shayi ya sani."

Na sa mata manhajar biyan kuɗi a wayarta. Ta riƙe wayar nesa da fuska tana kallo.

"To wa za a aika?"

"Ba kowa, Gwaggo. Daga nan inda kike zaune."

"Su kuɗɗin ta ina suke bi?"

Tambayar ta bi ni har Gusau, inda nake zaune. Abin da na fahimta daga baya shi ne, kati yana ratsa hannuwa da dama kafin ya isa, daga na'ura zuwa kamfanin na'urar, zuwa masu katin, zuwa banki. Ko'ina yana iya maƙalewa, shi ya sa wani lokaci a cire wa mutum kuɗi mai POS ya ce bai gani ba. Manhaja kuwa daga asusu zuwa asusu take turawa, tana kuma nuna sunan mai karɓa kafin a tura. In babu sabis dai duk su biyun zama suke yi. Amma ga Gwaggo babban bambancin shi ne ba sai kowa ya fita ba. Manoman Wonaka da ke kawo mata gyaɗa ma sun yarda a tura musu.

Da na zo koya mata lambar manhajar, sai ta toshe kunne.

"Kar ka faɗa mini. In na sani za a tambaye ni, in an tambaye ni faɗi zan yi."

Muka shirya ni zan riƙe lambar a Gusau, ita kuma ta riƙa buɗe manhajar da zanen babban yatsanta. Katin ta naɗe shi a tsumma ta ajiye.

Haka aka tafi har bikin wata ɗiyar maƙwabta. Gwaggo ta ƙunsa lalle, hannu biyu, ya kama sosai. Washegari manomi ya sauke buhunan gyaɗa a zaure, ta ɗora yatsa, waya ta ƙi. Ta wanke da toka, ta goge, ta sake ɗorawa, ta ƙi. Har yau ban tabbatar ko lallen ne ya rufe zanen yatsan ko fatar ce ta yi laushi ba. Ƙanin mijin yana tsaye a bakin ƙofa.

"Wayarki ba ta gane ki ba da kika yi kyau. Kawo katin in tahi."

Ta gaya mini cewa har ta kai hannu ga tsumman. Sai ta fasa, ta sa aka dama wa manomin fura, ta kira ni. Na hau mota na zo, na juya baya na danna lambar, aka sallami mutumin.

A bikin da ya biyo baya, da mai lalle ta zo kan babban yatsan dama, Gwaggo ta janye shi. Mata suka yi ta tsokana, wata ta ce ko ciwo ne, wata ta ce an bar wa waya rabonta. Ta zauna cikinsu da yatsa ɗaya fari, ba ta kula su ba.

Wata rana ina zaure ƙanin mijin ya leƙa ciki.

"Hajiyar mai, kwana biyu ba a aikena. An ce kin karye."

"Haka ne," in ji Gwaggo. "In kana da wani abu ka taimaka."